Kafin Ka Ɗauki Iyalinka Zuwa Asibitin Waje

 Na san halin da mutum yake shiga ranar da likita ya rage murya ya ce magungunan da aka sani sun yi iya yinsu, sannan wani ya turo masa labari a waya cewa akwai asibiti a Indiya ko Masar ko Jamus ko Turkiyya inda ake gwada wani sabon magani da bai iso nan ba. Daga ranar barci ya ƙaurace maka, kana lissafin kuɗin fili da na mota, kana tambayar yadda ake samun biza. Ba zan ce maka kada ka tafi ba, domin neman magani ba ya rushe tawakkali, malamanmu sun daɗe da warware wannan, kuma namijin da ya tashi tsaye a kan ciwon matarsa ya cancanci a sa masa albarka. Sai dai ka ɗan zauna ka saurare ni kafin ka biya kowa ko sisi, saboda Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma a wannan harka masu miƙa takobi suna da yawa.

Maganin gwaji magani ne da su kansu likitocin da suka ƙirƙiro shi ba su gama sanin halinsa ba, shi ya sa suke gwada shi, kuma hawa-hawa ake bi da shi. A matakin farko mutane kaɗan ake ɗauka, wani lokaci ba su wuce ashirin ko talatin ba, kuma abin da ake so a sani shi ne yawan da jiki zai iya ɗauka da irin ɓarnar da yake yi. Maganar warkarwa tana can gaba. A mataki na biyu ake duba ko yana taɓa ciwon. A na uku ake tara ɗaruruwa ko dubbai a raba su gida biyu da ƙuri'ar kwamfuta, wasu a ba su sabon, wasu a ba su wanda aka saba, saboda haka kana iya ƙetare teku da ita, ƙuri'a ta faɗa mata a kan irin maganin da kuka baro a gida. Cikin magunguna goma da ake fara gwadawa a jikin mutane, kusan ɗaya ne yake kaiwa ga samun izinin hukuma, a ɓangaren kansa ma abin ya fi haka ƙaranci. Sannan ba duk wanda ya zo ake karɓa ba, sai an auna ƙoda da hanta da zuciya da jini, an ga marar lafiya tana iya tashi ta yi ɗan zirga-zirgarta, domin wanda ciwo ya riga ya kwantar yawanci ba a sa shi. Kada ku sauka daga jirgi, ku kama ɗaki, a yi mako ana awo, sannan a ba ku haƙuri. Takardu su riga ku tafiya. Likitanta na nan ya haɗa hotunan da aka ɗauka, da sakamakon naman da aka yanka aka auna, da sunan duk maganin da ta taɓa sha, a aika, ka jira amsa a rubuce daga likitan da ke jagorantar gwajin da kansa, da sunansa da sa hannunsa.

Ban faɗi wannan don in karya maka gwiwa ba, domin duk maganin kirki da muke sha yau ta wannan ƙofa ya biyo. Akwai wani nau'in kansar jini da a da yake kashe mutum cikin ƴan shekaru, sai aka gwada wata ƙwaya da ake kira Glivec, aka ba ta izini a 2001, yau masu wannan ciwo suna shan ta kullum suna zuwa kasuwa suna aurar da ƴaƴansu, kuma an daɗe ana bayar da ita kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife, abin da ya kamata ka sani kafin ka kai kuɗinka wata ƙasa. A 2012 a asibitin yara na Filadalfiya a Amurka aka ɗebi ƙwayoyin garkuwar jikin wata ƙaramar yarinya da kansar jini ta ƙi jin magani, aka sarrafa su aka mayar mata, sai da ta yi kwanaki rai a hannun Allah saboda ƙarfin abin, sannan ta tashi, ta kuma girma lafiya. An ba wannan hanya izini a Amurka a 2017, Indiya ma ta samar da tata a 2023 a farashin da ya yi ƙasa sosai. Saboda haka sa rai ba wauta ba ne, kuma wanda ya shiga gwaji na gaskiya, ko bai warke ba, ya bar wa na baya ilimi.

Amma mu mutanen Arewa mun san ɗacin gwajin da ba a yi wa mutum bayani ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tun 1964 ƙungiyar likitoci ta duniya ta kafa ƙa'ida a birnin Helsinki cewa ba a gwada magani a jikin mutum sai da saninsa da yardarsa, kuma yana da ikon janyewa duk ranar da ya so. Wannan haƙƙin matarka ne, ko a wace ƙasa kuke. Idan aka miƙo muku takardar amincewa mai shafi ashirin, kada kunya ta sa ka sa hannu a tsaye. Ka ce a ba ku kwana ɗaya, ka samo tafinta wanda ba ya cin abinci a hannun dillalin da ya kawo ku, a karanta mata ita ma cikin harshen da take ji. Ka tambayi likita mutum nawa aka ba wannan magani kafin ita, me ya same su, wa zai biya idan maganin ya kai ta sashen kulawa ta musamman, kuma idan ya karɓe ta, wa zai ci gaba da ba ta shi bayan an rufe gwajin. Gwaji na gaskiya yana da lamba a rumbun rajista, kamar ClinicalTrials.gov na Amurka ko wanda gwamnatin Indiya ke riƙe da shi, kuma a bisa al'ada ba a sayar wa marar lafiya maganin da ake gwadawa a jikinsa. Lambar kaɗai ba shaidar nagarta ba ce, domin ƴan kasuwa ma sun koyi yin rajista, amma rashinta ya ishe ka dalilin juyawa.

Su kuwa ƴan kasuwar, alamarsu ba ta ɓuya. Allura ɗaya ce take maganin shanyewar jiki da ciwon suga da ciwon ƙoda da kansa, ana nuna maka bidiyon waɗanda suka warke ba a nuna maka adadin waɗanda aka binne, ana cewa ka turo dala kafin Juma'a domin gurbi ɗaya ya rage. Yawancinsu da sunan ƙwayoyin halittar da ake kira sitem sel suke cin kasuwa, alhali babban aikin da aka tabbatar wa waɗannan ƙwayoyi shi ne dashen ɓargo ga masu cututtukan jini irin su sikila da kansar jini. A 2017 likitoci suka bayyana labarin wasu mata uku a Fulorida da aka yi wa irin wannan allura a idanu, suka biya kuɗinsu, ganinsu ya lalace. Kada kuma girman gini ya ruɗe ka: a babban asibitin Karolinska na Suwidin wani shahararren likita, Paolo Macchiarini, ya dasa wa mutane maƙogwaron roba tun daga 2011, na farkonsu wani ɗalibi ne ɗan Eritiriya, akasarinsu suka mutu, kuma a 2023 kotu ta yanke masa hukuncin ɗauri.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, ɗana, wanda ya fi duk waɗannan nauyi. Ka tambaye ta? A wurinmu idan ciwo ya yi tsanani sai dangi su haɗa baki a ce kada a gaya mata, kada hankalinta ya tashi, maza su zauna a zaure su yanke shawara, ita kuwa a ce mata za a je a ƙara duba ta ne kawai. Na san tausayi ne yake kawo haka, amma jikin da allurar za ta shiga nata ne, kwanakin da za a kashe a ɗakin haya nesa da ƴaƴanta nata ne, kuma mai ciwo ta fi kowa sanin abin da jikinta yake gaya mata. Tana ganin idonka ya yi ja, tana jin yadda ake yanke magana idan ta shigo, sai ta yi shiru domin ta rufa maka asiri, kai ma ka yi shiru domin ka rufa mata, kowa ya kwana da nasa shi kaɗai a gado ɗaya. Ka zaɓi lokacin da ciwon ya ɗan lafa, ka sallami ƴan dubiya, ka zauna kusa da ita, ka gaya mata abin da likita ya ce daidai gwargwadon abin da take so ta ji, sannan ka tambaye ta abin da ranta yake so. Za ta ce maka duk yadda ka gani, domin haka aka tarbiyyantar da ita, kuma wannan ba amsa ba ce, kawaici ne. Ka yi haƙuri ka sake tambaya gobe. Wata za ta yarda ta tafi don kada ta watsa maka ƙasa a ido bayan ka sayar da fili, wata za ta ƙi tafiya don tana tausayin aljihunka alhali ranta yana so, saboda haka sai ka cire mata waɗannan biyun daga wuya, ka ce mata kuɗi ba matsalarta ba ne, kuma idan ta zaɓi zama ba za ka taɓa ganin ta butulce maka ba. Bayan nan ku yi istihara, ka je wurin iyayenta da kanka ka yi musu bayani ba tare da ƙarin gishiri ba, domin ƴarsu ce kafin ta zama matarka.

Maganar kuɗi kuwa, takardar ƙiyasin da asibiti zai aiko maka lissafin ranar da komai ya tafi daidai ne, ba a sa kwanakin zazzaɓi da ƙarin jini da hayar ɗaki da abinci da sabunta biza a ciki ba. Ka tuna a farkon Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, kafin watan Maris na 2024 ta haura 1,500, waɗanda suka tafi da lissafin wata uku suka ga kuɗinsu ya koma na wata ɗaya. Ka ware kuɗin dawowa a wuri dabam, ka ɗauka ba naka ba ne. Gwal ɗinta da gadonta mallakinta ne, ba a taɓa su sai da yardarta ta gaskiya, rufin da ke kan yara kuwa ka yi dogon tunani kafin ka sayar da shi, domin ita ce za ta fi kowa baƙin ciki idan ta ji ƴaƴanta sun koma haya saboda ita. Abin da jama'a suka tara maka amana ne, ka rubuta shigarsa da fitarsa.

Shirin hanya ba shi da wuyar ganewa. Kamfanin jirgi zai nemi takardar likita cewa za ta iya tafiya, saboda iskar da ake shaƙa a sama ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, dogon zama kuma yana daskarar da jini a ƙafa. Indiya tana neman katin rigakafin shawara, tana kuma ba masu jinya har mutum biyu biza tare da marar lafiya, don haka idan da hali ka tafi da yayarta ko ƙanwarta. Magungunan rage zafi masu ƙarfi, irin su tramadol da mofin, kada su shiga jaka sai da wasiƙar likita, domin Masar da sauran ƙasashen Larabawa ba sa wasa da su.

Can kuma wata makaranta ce za ka shiga. A gida idan mace ta kwanta, uwarta ko goggonta ce take kwana a gindin gado, miji ya zo da kwanon abinci da kuɗin magani, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce ya jiki, ya koma. A can babu goggo. Kai za ka riƙe mata roba idan amai ya taso da tsakar dare, kai za ka kama ta zuwa banɗaki, ka yi mata alwala ko ka miƙa mata dutsen taimama, ka wanke zanenta ka shanya a jikin taga. Ranar da maganin kansa da ake kira kimo ya fara zubar mata da gashi za ka ga kitson da aka yi mata kafin tahowa yana saki yana bin matashin kai. Kada ka kau da kai, kada kuma ka ɗauko dogon wa'azi, ka tattara shi a hankali, ka ɗaura mata ɗankwali ko da ɗaurin bai yi kyau ba. Za ta yi maka faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ka sani ciwo ne yake magana, ka bar shi ya wuce. Ka tafi da kuka da daddawa da garin kunu, ka koyi dama shi tun a gida, domin bakin da magani ya kashe ba ya karɓar abincin baƙi, amma ka nuna wa likita kafin ka ba ta. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da masoya za su cusa maka a jaka kuwa, kada ɗigo ya shiga bakinta a ɓoye, saboda suna iya karo da maganin su taɓa hanta, su kuma sa a cire ta daga gwajin. Addu'a ba ta karo da komai, ka yawaita ta a kunnenta.

Idan Indiya kuka tafi, tana gaban Najeriya da awa huɗu da rabi, don haka bayan magariba a can yara sun dawo daga makaranta a nan, ka tsayar da wannan lokaci ya zama na kiransu a waya kullum, ko da minti biyar ne, ko da ba ta da ƙarfin magana sai sauraro. Ka naɗa mutum ɗaya a gida wanda za ka riƙa ba labari shi kuma ya rarraba, in ba haka ba waya za ta cinye ka. Ka ci abinci, ka yi barci idan ta yi, ka nemi masallaci ka yi Juma'a cikin mutane. A Alƙahira akwai ɗalibanmu na Azhar, a Delhi ma ba ka rasa Bahaushe a harabar manyan asibitoci, ka yi musu sallama, domin mai jinyar da ya faɗi ya bar marasa lafiya biyu a ƙasar da ba su san kowa ba.

Ke kuma ƴar'uwata, idan maigidan ne ya kwanta kika bi shi, nauyinki ya fi wannan, saboda ƴan'uwansa maza za su so su yanke komai ta waya daga gida alhali ke ce kike ganin numfashinsa. Ki girmama su, ki saurare su, amma ki riƙe fasfo da takardun asibiti a hannunki, ki san inda kuɗi yake da yadda ake fitar da shi, kada kunya ta hana ki tambayar likita sau uku abin da ba ki gane ba. Ki lallaɓa shi cikin ladabi ya faɗa miki basussukan da ke kansa da waɗanda yake bi, ya rubuta wasiyyarsa tun da sauran ƙarfi. Wasiyya ba ta jawo ajali, kuma addini ya kwaɗaitar da mai lafiya ma ya yi ta.

Akwai magana ɗaya da nake so ku gama tun kuna gida, ɗana, ita ce ranar dawowa. Ku yi alkawari da juna, da shawarar likita, cewa idan aka yi zagaye kaza na magani aka ɗauki hoto ciwon bai ja baya ba, ko jikinta ya fara gazawa, za ku tattara ku dawo. Dalilina shi ne idan jiki ya yi rauni sosai kamfanin jirgi ba zai ɗauke ta a zaune ba, ɗaukar ta a kwance kuwa kuɗin kujeru da yawa ne da rakiyar ma'aikacin lafiya, saboda haka wanda ya ce bari a ƙara mako ɗaya sau da yawa yakan waiwayo ya tarar hanyar gida ta rufe. A can kullum akwai wani abu na gaba da za a iya gwadawa, kuma zuciyar miji ba ta iya cewa ya isa idan ba a riga an ɗaure ta da alkawari ba. Dawowa ba yar da ita ba ne. Akwai fannin likitanci na rage raɗaɗi da sauƙaƙa numfashi da barci, kuma a 2010 likitoci a Boston suka nuna cewa masu kansar huhu da aka fara ba su irin wannan kulawa da wuri sun fi samun sauƙin rayuwa, har sun fi sauran daɗewa da kusan wata uku. Ka kuma daure ka tambaye ta, idan ta Allah ta kasance a can, a ina take so a sa ta, domin ɗauko gawa a jirgi yana buƙatar a yi mata allurar hana lalacewa da takardun ofishin jakadanci da jiran kwanaki, shi ya sa iyalai da yawa suke zaɓar a yi sutura a maƙabartar Musulmi ta garin. Ka ji ta bakinta da na iyayenta tun yanzu, kada ka yanke wannan kai kaɗai a barandar asibiti.

Idan kuwa Allah Ya sa aka dace, to kada ka baro asibitin sai da cikakken rahoton abin da aka yi mata, da sunan maganin da yawansa, da lambar likitan da za a kira, kuma tun kafin ku taso ka san likitan da zai karɓe ta a Kano ko Zariya ko Yamai, ka tabbatar maganin da za ta ci gaba da sha ana samunsa a nan ko ka taho da na watanni. Gida zai cika da ƴan barka, kowa yana so ya kama hannunta, alhali garkuwar jikinta ba ta dawo ba, murar da ba ta hana wani zuwa kasuwa tana iya mayar da ita gadon asibiti. Ka shimfiɗa wa baƙi tabarma a waje, ka karɓi gaisuwarsu da kanka, ka ba su haƙuri da fara'a, ka bar mahaifiyarta da ƴaƴanta su shiga bayan sun wanke hannu, sauran jama'a su jira sai likita ya ce ta yi ƙwari.